Wasiƙa zuwa ga aminina Isufu a Agadas

Aminina Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali da sanyin Agadas? Mu nan Yamai lafiya lau, sai sauron da damina ta bar mana.

Ka tambaye ni yadda nake fama da ɗaliban likita da ake turo mana sashen yara. To, rabin karatunmu yanzu a WhatsApp ake yin sa. Bayan sallar isha'i nakan jefa musu tambaya a zauren da muka buɗe. Ran nan na ce: yaro mai kilo 12, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da jijjiga, nawa za a yi masa na allurar artesunate? Mazan suka yi caa, kowa na lissafi da miligiram 2.4 a kowane kilo, kamar na manya. Can sai wata yarinya, wadda ko tari ban taɓa jin ta yi a aji ba, ta rubuto cewa tun 2015 hukumar lafiya ta duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake yi masa, wato 36 ke nan. Wallahi sai da na tashi zaune. Ka san mu a zamaninmu, can jami'ar Yamai, ƙetaren gadar Kennedy, wa ya isa ya ɗaga hannu gaban malami? Wayar nan ta buɗe bakin masu kunya.

Amma fa hannunsu da saura. Wani zai kwana yana kallon YouTube, ya zayyana maka alamomin tamowa tiryan-tiryan, ka kai shi bakin gado ka ce ya duba kumburin ƙafa, sai ya shafa ya janye. Dole in kama babban yatsansa in danna bayan ƙafar yaron, mu ƙirga daƙiƙa uku tare, ya ga ramin da ya zauna. Haka ma sandarewar wuyan mai sanƙarau, sai tafin hannunka ya ji ta.

Doka ɗaya na kafa: hoton fuskar majinyaci ko sunansa ba ya shiga zauren. Ƴaƴan mutane ne, amana aka kawo mana.

Naku ɗaliban fa, layin intanet na barin su su yi irin wannan? In kana da hoton ƙirjin mai tarin fuka da ya fito tsaf, goge sunan ka turo mini, in gwada su.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Habu