Zuwa ga mai jan wasan da ya tuɓe wa faladin ƙarfinsa saboda ƙarya guda

Ƙanena, sallama da fatan alheri.

Tunda a bainar jama'a ka jefo mini tambayar, a nan zan amsa. Ka ce kai ne mai jan ragamar labari a wasanku na Dungeons & Dragons, bugun 2014, wasan teburin nan da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labarin da ake ƙirƙira tare. Faladin ɗin tawagar, barden nan mai sulke da ya ɗauki rantsuwar sadaukarwa, ya ɓoye wata mata da 'ya'yanta biyu a rumbu. Dakarun wani azzalumin hakimi suka tare shi suka tambaya ko ya gan su, ya ce bai gani ba. Nan take ka sanar da cewa ƙarfinsa ya tafi, babu warkarwa da ɗora hannu, babu saran tsarki. Mai wasan ya tattara takardunsa ya fice, yau mako biyu bai dawo ba. Sai ka tambaye ni: ashe ba doka ce ta hana faladin ƙarya ba?

Ta hana. Amma ka yi gaggawa, kuma hukuncin ya fi laifin nauyi nesa ba kusa ba.

Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a Amurka a 1974, faladin kuma ya shigo a 1975 cikin ƙarin littafin Greyhawk. Sunan an aro shi ne daga jaruman fadar sarki Sharlaman su 12 na tatsuniyoyin Faransa. Littafin 'yan wasa na 1978 yana da tsanani ƙwarai: kayan sihiri kada su wuce 10, ushirin duk abin da ya samu sai ya bayar, ba ya abota da mugaye. To ko wannan littafin ya raba laifi gida biyu. Wanda ya saɓa wa tsari yana sane, zai je wurin limamin addininsa ya furta laifinsa, ya yi kaffara. Wanda ya aikata mugunta da gangan ne kawai ke rasa matsayinsa har abada. Bugun 2003 ya jero ƙarya da ha'inci da amfani da guba cikin abubuwan da aka hana, amma ya ce ƙarfin yana tafiya ne idan an yi mugunta da niyya ko an keta dokar mummunar ketawa.

Littafin da ke hannunka ma ya fi su sassauci. Buɗe shafukan faladin ka duba ɗan akwatin da ke magana kan karya rantsuwa. Ya yarda faladin ajizi ne, kuma wani lokaci yakan sami kansa tsakanin sharri biyu ya zaɓi mai dama-dama. Maganin da ya bayar shi ne neman gafara, kwanan zaune ana addu'a, ko azumi. Raba mutum da matsayinsa an ajiye shi ne ga wanda ya karya rantsuwa da gangan kuma ya ƙi tuba. Ka ba ɗan wasanka damar tuba kuwa?

Rantsuwar da ya ɗauka tana da ginshiƙai biyar: gaskiya, jarumta, tausayi, mutunci, da sauke nauyi. A ƙofar rumbun nan gaskiya da tausayi sun yi karo. Biyayyar da ake nema a gare shi kuwa ga shugaba mai adalci ce, hakiminka bai cika wannan sharaɗi ba. Ina roƙonka ka tambayi kanka tsakani da Allah: da ya nuna musu rumbun aka yanka yaran, da ba ka tuɓe shi ba saboda rashin tausayi? In amsar ita ce da ka tuɓe shi, to tarko ka ɗana masa, gaba kura baya sayaki. Na sha ganin masu jan wasa na yin haka, kuma yana ba ni takaici, domin wanda ya zaɓi faladin yawanci shi ne wanda ya zo teburin da burin ya zama mutumin kirki na 'yan sa'o'i.

Kada ka ɗauka ina cewa ƙaryar ba komai ba ce. Akwai hanya ta uku da na fi so: ya tsaya a bakin ƙofa, hannu kan takobi, ya ce ba zan amsa muku ba, kuma ba za ku wuce ba. Bai bi ta ba, don haka akwai bashi a kansa. Ka lura da abin da ya sa ƙaryar ta ci. Dakarun sun juya ne don kowa a ƙasar ya san maganar faladin ba ta tashi. Amanar da 'yan'uwansa suka tara shekara da shekaru ya ɗiba ya kashe a dare ɗaya. Nan ne labari mai daɗi yake kwance. Bari gaskiya ta fito bayan mako guda. Bari hakimin ya ɗaure shugaban dakarun saboda ya yarda da maganar barde, matarsa ta zo ta tsaya gaban faladin ta tambaye shi me mijinta ya yi masa. Bari wani ɗan'uwansa a rantsuwa ya ba da shaida a gaban alƙali a ƙi karɓa. Ɗan wasanka zai ji nauyin wannan fiye da goge lambobi a takardarsa, kuma zai so ya dawo mako mai zuwa don ya gyara.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan kira shi a waya, ba a gaban sauran ba, in ce na yi saurin hukunci. Mu zauna mu rubuta rantsuwar a takarda guda da kalmomin da shi zai furta, mu daidaita wanne ginshiƙi ke gaba idan biyu suka yi karo. In kuma yi masa alkawari cewa duk ranar da zai taka abin da zai raba shi da ƙarfinsa, zan dakatar da wasa in faɗa masa kafin ya jefa dayis, 'yan ƙwayoyin nan masu lambobi da ke yanke sakamakon abin da aka yi a wasa. Zama na gaba kuwa sai ka buɗe shi da asuba a ɗakin ibada, faladin na durƙushe tun daren jiya, limamin ya shigo ya tambaye shi abin da ya kawo shi.

Naka,
Yayanka a teburin wasa