Wanda ba a ji jana'izarsa ba, kada a yi saurin raba gadonsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in tsoma baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sauraron The Archers, wasan kwaikwayon rediyo da BBC ke watsawa a Birtaniya tun 1 ga Janairun 1951 (a yau a tashar Radio 4), wanda yanzu ya haura kashi 20,000. Duk sanda wani ɗan Ambridge, ƙagaggen ƙauyen da wasan ke gudana a cikinsa, ya ɓace daga labarin, sai hasashe ya ɓarke: zai dawo, ba zai dawo ba, ai an ji Lilian ta yi ajiyar zuciya da aka ambaci sunansa. Wanda aka fi yi wa wannan lissafi shi ne Matt Crawford, ɗan kasuwar nan mai ƙumbiya-ƙumbiya da ya taɓa shan ɗauri kan zamba, ya kwashe kuɗi a 2015 ya bar masoyiyarsa Lilian da hamma ya tsere Kosta Rika, ya dawo a 2017, mota ta buge shi, ya warke ya sake ficewa.

Yawancin masu hasashen kunnensu yana kan labari kaɗai, alhali amsar tana ɗakin ɗaukar murya.

A tsarin da aka daɗe ana bi, kashi shida ake watsawa a mako, Lahadi zuwa Juma'a, kowanne kamar minti 13. A Birmingham ake ɗauka, kuma ba kullum ba. Ana tara kashi 24, aikin mako huɗu ke nan, a ɗauke su cikin kwana shida, kowane kashi yana cin kimanin awa biyu. Abin da aka ɗauka yau sai bayan mako uku zuwa shida yake isa kunnen mai sauraro, shi kuwa ƙashin bayan labarin an tsara shi watanni kafin nan. Saboda haka idan jama'a suka tada jijiyar wuya ranar Litinin suna neman a dawo da wane, sai aka ambaci sunansa ranar Alhamis, ba kukansu aka ji ba. Wannan layin an rubuta shi tun kafin su fara kukan. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, wani lokaci akan cire fage ɗaya a sake ɗaukarsa cikin gaggawa don a saka wani babban abin da ya faru a ƙasa, kamar annobar dabbobi ta 2001 ko rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022. Faci ne aka yi a gefen riga, ba a sake ɗinkin ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce masu hasashe suka fi mantawa da ita. 'Yan wasan ba albashin wata suke karɓa ba. Ana kiran mutum ne kashi-kashi, a biya shi na ranar da ya yi magana. Kashi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da murya shida ko bakwai, alhali masu magana a ƙauyen sun kai gommai. Ko ba a yi faɗa da kowa ba, dole wasu su yi shiru na makonni, wani ma watanni, musamman idan ɗan wasan ya samu aiki a dandamali ko talabijin a makon ɗauka. Shirun mutum a rediyo ba ya nuna komai. A talabijin, idan ana biki a gidan su wane kuma ba a gan shi ba, an san akwai dalili. A rediyo kuwa ya isa wani ya ce, ga shi can yana ɗaure akuya, ko a ji ƙarar ƙofa a ce yanzun nan ya fita. Shi ke nan, yana nan, kuma ba a biya kowa sisi ba. Wasan ma yana da mutanen da aka shekara da shekaru ana ambatonsu ba su taɓa buɗe baki ba. Pru Forrest ma ta daɗe ba a jin muryarta, har sai da aka gayyato 'yar wasa Judi Dench ta ara mata murya a kashi na 10,000 a 1989.

To yaya ake gane wanda ya tafi ke nan? A saurari yadda aka fitar da shi. Idan an kashe mutum a kunnen jama'a, aka yi jana'iza, aka shafe makonni ana zaman makoki da rigimar gado, wannan ƙofa an rufe ta da kwaɗo. Grace Archer ta mutu sakamakon gobarar barga ranar 22 ga Satumban 1955, daren da tashar talabijin ta ITV ta fara aiki. John Archer tarakta ce ta danne shi a 1998. Nigel Pargetter ya faɗo daga rufin gidansa na Lower Loxley ranar 2 ga Janairun 2011, lokacin cikar wasan shekara 60, da wata doguwar kururuwa da har yau ake zancenta. Masoyansa sun yi ƙorafi iya ƙorafi, wasu har suna kawo shawarar a ce mafarki ne, ko a ɓullo da wani ɗan'uwa mai irin muryarsa. Babu ɗaya cikin mamatan nan uku da ya dawo, domin wasan ya gina sunansa a kan cewa rana ɗaya a Ambridge rana ɗaya ce a duniya, kuma wanda aka binne ya binnu.

Amma a nan akwai tarko. Mutumin labari ya mutu, muryar ba ta mutu ba. Ysanne Churchman da ta fito a Grace ta dawo daga baya ta yi wasu mutane daban a wasan. Graham Seed, wato Nigel, an ji shi a Satumban 2016 cikin masu taya alƙali yanke hukunci a shari'ar da aka yi wa Helen, ɗaya daga cikin mutanen labarin. Wanda ya tsinci muryar a tsakiyar shiri zai rantse fatalwa ce.

Ficewa zuwa ƙasar waje kuwa ajiya ce. Marubuci ba ya tura mutum Kosta Rika ko Kanada sai yana so ya bar wa kansa hanya. Tom Archer ya gudu Kanada a 2014 bayan ya fasa auren Kirsty a ranar ɗaurin auren, ya dawo cikin shekarar da wata murya, domin William Troughton ya karɓi aikin daga Tom Graham. Rob Titchener, mijin Helen a lokacin shari'ar, ya ɓace a farkon 2017, aka yi shekara shida ana cewa zai dawo, ya kuwa dawo a 2023, sannan aka rufe babinsa da ciwon daji na ƙwaƙwalwa a ƙarshen shekarar. A wannan layin Matt yake. An bar shi da rai, an bar Lilian a ƙauyen, an bar tsohuwar soyayya da tsohon bashi ba a warware ba.

Canjin murya ma yana da ƙa'idarsa, kuma a nan ne aiki ke ɓaci idan aka yi garaje. Sai an bar tazara, kunne ya ɗan manta da tsohuwar muryar. Sannan a fagen farko dole wani ya kira sabon da sunansa tun kafin ya yi dogon zance, a maimaita sunan sau biyu ko uku ba tare da an ji kamar kiran rajista ba. Dole kuma a duba kada sabuwar muryar ta yi kama da ta wani da suke yawan haɗuwa a fage ɗaya, in ba haka ba mai sauraro zai kasa gane wa ke magana. Masu bin wasan sun sha kukan cewa samarin Ambridge muryarsu ɗaya. Akwai kuma muryar da ba ta canzuwa. Mu nan mun san haka: wa zai shiga rigar Samanja bayan marigayi Usman Baba Pategi a yarda da shi? Muryar Kim Durham, wanda ya fito a Matt, da yadda Matt ke jan sunan shagwaɓar da yake kiran Lilian da shi, tana cikin irin waɗannan. Don haka dawowar Matt ta rataya ne a kan ɗan wasan kansa da jadawalin aikinsa, fiye da duk wata ajiyar zuciyar Lilian.

Idan ɗan wasa ya rasu ko ya yi ritaya, ba a cika gaggawa ba. Norman Painting ya rasu a Oktoban 2009, amma Phil Archer da ya yi kusan shekara 60 yana fitowa a matsayinsa sai a Fabrairun 2010 matarsa Jill ta tarar da shi ya cika a kan kujera. June Spencer ta ajiye aiki a 2022 tana da shekara 103, aka ci gaba da ambaton Peggy, wadda take fitowa a matsayinta, ana kai mata ziyara har 2025.

Mai son hasashe mai tushe ya lura da abu biyu. Na farko, yawan ambato: suna ɗaya a wata uku tunawa ce kawai, amma idan mutum uku daban-daban suka ambaci wanda ya tafi cikin mako biyu, ko aka ji waya ta yi ƙara aka amsa da rabin magana, ana share wa kunne hanya ne, domin sai an tuna wa sabon mai sauraro ko wane ne kafin a buɗe masa ƙofa. Na biyu, jerin sunayen 'yan wasan mako da ake bugawa a mujallar Radio Times, ko da yake idan ana son ba-zata akan ɓoye sunan har sai an watsa kashin.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai bibiyar wasannin rediyo, Kaduna