Sanarwa kan rajistar layukan salula

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na wannan rukuni.

Muna roƙon kowa ya tabbatar cewa layin da yake amfani da shi, ko na Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Télécoms, da sunansa aka yi masa rajista. Da yawa daga cikinmu a bakin babbar kasuwa suka sayi layinsu, an riga an buɗe shi da katin shaidar wani, wasu kuma har yanzu layin mamaci suke riƙe da shi. Ranar da salula ta ɓace, kamfani zai sabunta layin ne ga wanda sunansa ke cikin rajista, kuma duk wanda lambar ta koma hannunsa zai iya kaiwa ga kuɗin da ke cikin asusun waya da WhatsApp ɗin mai ita, ya shiga neman rance a wajen dangi da sunansa. Gyaran ba shi da wuya: a ɗauki katin ɗan ƙasa a je ofishin kamfanin da ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kira suna cewa daga kamfani suke, za a rufe layi idan ba a karanto masu lambobi 6 da suka shigo ta saƙo ba. Waɗannan lambobi mabuɗin WhatsApp ne, don Allah kada a faɗa wa kowa su, haka ma lambar sirri ta asusu. A kashe kiran kawai.

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Jibiya da Katsina su tuna cewa layin Najeriya sai an haɗa shi da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya.