Yaya, batun ɗakin Inna da kuɗin da na turo

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya iyali ya zafi. Ina gaida Inna da kyau, a gaida Kawu da su Gwaggo da duk yaran gida. Ni lafiya lau nake alhamdulillahi, aiki kawai.

Yaya ba zan ɓoye maka ba raina ya ɓaci. A ce Inna ta yanke jiki ta faɗi ranar Juma'a har an kai ta asibiti an yi mata ƙarin ruwa leda biyu, amma sai a bakin wani ɗan garinmu da ke nan Riyad zan ji, shi ma matarsa ce ta faɗa masa a waya? Kwana huɗu ina kiranka kana ce min kowa lafiya. Na san don kar hankalina ya tashi kuka yi, to ai ga shi ya tashi ɗin, daren jiya wallahi ban runtsa ba.

Na turo riyal 1,200 ta hannun mutumin nan da aka saba, jibi in Allah ya yarda zai kira ka. Kuɗin ɗakin Inna ne. Ba na gudummawar biki ba ne, ba na gyaran babur ɗin Auta ba ne, don Allah ka riƙe su a hannunka kar ka ba kowa ajiya.

Auta ya turo min saƙo wai ai fankar solar da na saya bara tana kunne lokacin da abin ya faru, wai fanka ba ta da amfani gara a haɗa kuɗi a sa esi. To ka saurare ni Yaya, shekara uku ke nan ina bin ogana muna gyaran esi da fanka mai ruwa gida gida, wannan ɗin dai na san shi. Fanka ba ta sanyaya iska ko kaɗan. Iskar da ke ɗakin ita take juyawa, in mai zafi ce mai zafin za ta watso maka, har ma injinta yana ƙara nasa ɗumin, fankar wat 60 ko 70 duk wutar da ta sha a ƙarshe zafi take komawa cikin ɗakin. Na gwada da hannuna, na riƙe ma'aunin zafi a gaban fanka minti goma bai motsa ba, da na naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma nan da nan ya fara sauka. Sanyin da kake ji gumin jikinka ne yake bushewa, shi yake tafiya da zafin. Kuma ba ƙaramin zafi ruwa yake ɗauka ba in zai bushe, zafin da lita ɗaya ke kwashewa kafin ta ƙafe ya ninka wanda zai kai ta tafasa fiye da sau biyar.

Shi zafi kullum daga inda ya fi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kamar ruwa a kwari. Cikin jikin mutum digiri 37 ne, fata kuwa wajen 35. In iskar ɗaki ta kai 40 ko ta wuce, kamar yadda garinmu yake yi a watan huɗu, to fanka zafi take turawa cikin jiki, sai dai in fatar a jiƙe take. Ni da kai muna gumi shi ya sa muke jin daɗinta. Tsoho ba ya gumi kamar yaro, kuma ƙishirwa ba ta damunsa da wuri ko da ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ka ga Inna na kwance fatarta a bushe, taga a rufe saboda ƙura, kwano na gasa ta daga sama, fanka na huro mata iska kamar daga bakin tanda. Abin da ya kayar da ita ke nan in ba ni na yi kuskure ba.

Kuma laifina ne a ciki, na sani. Ni na dage a rushe tsohon ɗakinta na ƙasa a yi na bulo da kwano don mutane su ga ɗanta na Saudiyya. Ta ce a bar mata soronta ban ji ba. Wancan ɗakin ka tuna da azahar in ka shiga har barci ke ɗaukarka, katangar ƙasa mai kauri da rufin azara ba sa barin zafin rana ya ratso da wuri. Kwano kuwa yana ɗaukar rana ka kasa ɗora masa hannu, ya riƙa sako zafin kai tsaye kan wanda ke ƙasa ko iska ba ta motsa ba, bulo kuma ya sha rana wuni guda sai dare ya yi ya fara amayo ta. Allah ya yafe min. Kuɗin silin ne suka ƙare a lokacin na ce sai baɗi, baɗin ke nan har yau.

Don haka farko silin. Ka nemo kafinta ranar da kuɗin suka shigo, a yi silin, a bar 'yan ƙofofin iska tsakaninsa da kwano ta gefe biyu don zafin da ya taru a sama ya samu hanyar fita, a sa musu raga saboda jemage da ɓera. In canji ya ragu a sayi farin fenti a shafe saman kwanon, fari yana mayar da rana. Tagar yamma a rataya mata tabarma ko asabari ta waje, ta waje na ce ba labule ta ciki ba, in rana ta riga ta shigo ɗaki kaɗan labule yake tarewa.

Batun esi a bar shi tukuna. Shi ma ba ƙirƙirar sanyi yake ba, kwasar zafin ɗaki yake ya zubar a waje, in ka hau saman bene nan Riyad ka tsaya tsakanin injinansu na waje sai ka ji kamar gaban maƙera. Wannan kwasar wuta take ci, ƙarami ma yana neman kusan wat 1,000, solarmu ba za ta ɗauka ba, nepa kuma ka fi ni sanin halinta. Ɗaki mara silin ko an sa esi asarar kuɗi ce kawai.

Abin da nake so nan gaba shi ne fanka mai ruwa, nan sahrawi suke ce mata. Akwati ne da ciyawa a bangonsa, ɗan famfo na jiƙa ciyawar, fanka na jawo iskar waje ta ratsa ta. A wani sito da muka gyara bara na auna iskar waje 44, wadda ke fitowa 29. A Riyad tana aiki sosai saboda iskar a bushe take, a Jidda kuwa ba a damu da ita ba don iskar bakin teku ta riga ta ƙoshi da ruwa. Mu ma haka ne, daga watan uku zuwa farkon na biyar za ta yi, da damina ta sauka sai a kashe famfon ta zama fanka kawai. Kuma dole taga ɗaya a buɗe in tana aiki. Hikimar randar Inna ce fa ba wani abu ba, ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa na ciki na yin sanyi. Har wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a 2000 kan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya. Amma kar Auta ya je ya kwaso 'yan ƙananan nan na roba da ake tallarsu a Facebook, ku jira ni, wata mai zuwa in albashi ya fito zan faɗa maka irin wadda za a saya.

Kafin nan ga abin da za a yi tun yau, ba ya cin ko sisi. Daga sha biyu zuwa la'asar a jiƙa mata zane mara nauyi ko mayafi ta yafa, a shafa ruwa a hannu da wuya da ƙafa sannan a kunna fankar, in ya bushe a sake. Kofin ruwa na kusa da ita, a riƙa miƙa mata kar a jira ta nema, ka san Inna ba za ta nema ba. Da dare in waje ya fi ɗaki sanyi a ɗora fankar a bakin taga ta jawo iskar tsakar gida, ƙofa a buɗe, ko ta kwana a waje cikin gidan sauro. Maganin hawan jininta a koma a tambayi likita ko akwai abin da za a canja saboda zafi, kar kowa ya tsayar mata da shi da kansa. In kuka ga ta fara magana ba kan gado ko jiki ya yi zafi rau babu gumi, a zuba mata ruwa a tafi asibiti a take, kar a tsaya jiƙo. Zafi yana kisa Yaya, aikin Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, a Makka zafi ya haura 51. Nan ma daga tsakiyar watan shida zuwa tsakiyar na tara hukuma hana aiki take a rana daga sha biyu zuwa uku.

Ni kar ku damu da ni. Mu shida ne a ɗaki amma akwai esi, hannun da ƙarfe ya ƙona ni ya warke, albashin ma jinkiri ne kawai zai fito. Ogana yanzu ni kaɗai yake turawa wasu gidajen, ka faɗa wa Inna haka za ta ji daɗi.

Sai maganar Auta. An ce min yana cire batirin fankar yana kaiwa shago cajin wayoyi. Ban ce gaskiya ba ne, amma in gaskiya ne ka gaya masa ni na ce ya ji tsoron Allah, uwarsa ce. Batirin nan kar ya sake fita daga ɗakinta.

Silin farko Yaya, ka turo min hoto in an fara. Gobe bayan magariba zan kira, don Allah ka kai mata wayar da kanka ina so in ji muryarta.

Ƙaninka.