Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: A Raba Yara Da Layin Manya

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawa. Ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatarka, da asusu na kansa. Ka fi ni sanin wannan. Abin da watakila ba ka sani ba shi ne yadda lamarin yake a kan bencin asibiti.

'Yata shekarunta 13. Ta daina barci, ta daina magana, sai kuka ba dalili. Da na kai ta wani asibiti, layi ɗaya aka sa ta da manya. A gefenta wani magidanci ne yana ta ihu, 'yan'uwansa biyu sun rirriƙe shi. Yarinyar ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya yi mini shaida. Likitan ban ga laifinsa ba, jama'a ce cike a bakin ƙofarsa. Minti kaɗan ya duba ta, ya rubuta magani, aka kira na gaba. Tun ranar, da an ambaci asibiti sai ta shige ɗaki ta rufe.

Ranka ya daɗe, yaro fa ba guntun babba ba ne. Ciwon damuwa a wajensa yakan zo da saurin fushi, ko faɗuwa jarrabawa, ko ciwon ciki da aka rasa kansa, mu kuma sai mu ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala. Gano shi sai an zauna da yaron, an ji ta bakin iyaye, an tambayi malaminsa. Wa zai yi wannan cikin minti biyar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mu sai ya bushe muke neman likita.

Duk 10 ga Oktoba kuwa, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ba ku fashi. A buga riguna da huluna, a yi tattaki, a karanta jawabi. Madalla da ƙoƙari. Hula dai ba ta duba yaro.

Don Allah ba gini nake roƙo ba. A ware rana da ɗaki na yara da matasa a kowane asibitin gwamnati da ke duba masu wannan lalura. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, akwai babin yara a cikinsa. A horar da su, a kuma riƙa bibiya.

Manya ma suna buƙatar wanda zai zauna ya saurare su mako bayan mako, ba ƙwaya kawai ba. Mahaifiyar yarinyar nan an ce ta nemi masanin halayyar ɗan Adam, har yau muna nema. Batun ƙwararrun da ke ficewa waje kuwa, wannan sai wata wasiƙar.

Mako mai zuwa ne ranar komawarmu asibiti, kuma har yanzu ban san da bakin da zan lallashe ta ta sake zama a kan bencin nan ba.

Naka,
Wani uba.