Fen na Boston ba ɗan ƙasar sanyi ba ne

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani tsiron ado da ake yawan gani a rataye a barandar gidaje da harabar otal-otal da ofisoshi, wanda ake kira fen na Boston (fen dai wani rukunin tsirrai ne marasa fure, masu ganye kamar gashin tsuntsu), masana tsirrai kuma suna ce masa Nephrolepis exaltata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda sunan yake ruɗin jama'a, kasancewar Boston birni ne a yankin sanyi na ƙasar Amurka, har wasu suna ɗauka tsiro ne na ƙasashen dusar ƙanƙara, idan ya mutu a hannunsu sai su ɗora wa zafi laifi, alhali kuwa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Asalin tsiron yankuna ne masu zafi da laima na nahiyar Amurka, irin su jihar Florida da tsibiran Karebiyan da Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. A can da kansa yake fitowa a fadamu da dazuzzuka masu damshi, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, kuma a Florida har jikin wata bishiya dangin giginya yakan maƙale ya rayu ba tare da saiwarsa ta taɓa ƙasa ba. Birnin Boston bai shigo labarin ba sai a 1894, lokacin da aka tarar da wani guda ɗaya a cikin shuke-shuken da aka aiko masa daga birnin Philadelphia na Amurka, wanda ganyensa ya lanƙwaso yana zubowa ƙasa maimakon ya miƙe tsaye kamar na dawa. Masu lambu suka ga ya dace da ratayewa, suka shiga yaɗa shi, sunan birnin ya bi shi har yau. Noman sa na kasuwanci ma Florida ya koma, inda garin Apopka ya yi suna a kansa har aka riƙa yi masa laƙabi da birnin fen.

Duk wanda ya san wannan asali ba zai ajiye shi a tsakiyar rana ba. Haske yake so, amma wanda ya ratso ta labule ko ta ganyen bishiya, domin rana kai tsaye tana ƙona masa ganye cikin 'yan kwanaki. Babban abokin gabarsa kuwa busasshiyar iska ce, ko ta yanayi ko ta na'urar sanyaya ɗaki, kuma alamar da yake fara nunawa ita ce bakin ƙananan ganyen ya koma ruwan ƙasa, sannan su riƙa kakkaɓewa, kullum da safe mai shi ya tarar da ƙarƙashin tukunyar yana bukatar shara. A nan ne mutane da dama suke kuskure na biyu, wato su yi ta malala masa ruwa har ƙasar ta zama taɓo, saiwar ta ruɓe. Abin da yake bukata shi ne ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen ganye a cikinta, tukunya mai huda a gindi, da ban ruwa duk lokacin da aka sa yatsa aka ji saman ƙasar ya fara bushewa. Laimar iska kuwa ana ƙara ta ta hanyar tara tukwanen wuri guda, ko ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, muddin gindinta bai nutse a ciki ba.

Akwai wani abu da nake ganin ya kamata a yi wa masu sayensa bayani tun a wurin saye. Fen ba ya fure, ba ya 'ya'ya, komai daɗewar da ya yi. Idan aka juya bayan ganyen aka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere sahu biyu kusa da gefe, ba cuta ba ce, wurin da ƙurar irinsa take ne, kuma murfin kowane ɗigo yana kama da ƙoda, inda kalmar Nephrolepis ta samo asali ke nan a harshen Girkanci. Na sha ganin an yanke lafiyayyen ganye saboda tsoron ƙwari, ga shi kuwa bambancin a fili yake, tunda ƙwarin da ke maƙale masa a warwatse suke, har a jikin kara, suna kuma barin danƙo. Shi na Boston ma galibi ba ta ƙurar iri ake yaɗa shi ba, sai ta raba gindin gida biyu ko uku, ko ta siraran zaruruwan da yake miƙowa marasa ganye, waɗanda idan aka danne ɗaya a kan ƙasa mai damshi zai yi saiwa ya fitar da sabon tsiro.

Ina fatan idan jaridar nan za ta yi rubutu a kan tsirran ado, za ta riƙa faɗa wa masu karatu inda kowanne yake fitowa a dawa, ba hotonsa da sunansa kawai ba.

Naku,
Wani mai karatu