Wa Ya Ba Su Kujerar Da Suke Wa Juna Alkawarinta?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke ci mini rai.

Zaɓe uku ina yi wa jam'iyyarmu wakilin akwati. A na ƙarshe, ni da wani abokina muka kwana a wurin tattara sakamako. Wayata ta mutu, da fitilar tasa muka duba alƙaluma kafin in sa hannu. Yau shekara guda ke nan ko gaisuwata ba ya amsawa, kuma ban yi masa komai ba. Manyanmu biyu ne suka ɓata. Ɗaya ya ce an yi da shi za a bar masa takara bayan zango ɗaya, ɗayan ya ce shi bai san da wannan zance ba. Shi ke nan ofishin jam'iyya ya koma biyu, kowane ɓangare na dakatar da ɗayan.

Wasu na cewa da an kafa shaidu da ba a kai ga haka ba. Ban yarda ba. A Ostireliya, a 1988, gaban shaidu biyu Firayim Minista Bob Hawke ya yi wa ministan kuɗinsa Paul Keating alkawarin sauka ya ba shi kujerar bayan zaɓen 1990. Aka ci zaɓe, ya yi mirsisi, sai da Keating ya kayar da shi a ƙuri'ar 'yan majalisar jam'iyyarsu a Disambar 1991. A Kenya kuwa a bainar jama'a shugaban ƙasar na wancan lokaci, Uhuru Kenyatta, ya ce shekara goma tasa, goma ta mataimakinsa William Ruto. Da 2022 ta zo, sai Uhuru ya mara wa jagoran adawa Raila Odinga baya, Ruto kuma ya bar jam'iyyarsu ta Jubilee ya ci zaɓe a wata jam'iyyar.

Ba na wanke mai saɓa alkawari, wallahi ya yi laifi. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum biyu su kulle ɗaki su raba shekarun mulki kamar gadon gidansu. Mu da muka liƙa fasta, muka sha rana a layi, ba wanda ya tambaye mu. Sai rikici ya tashi ake nemanmu mu zagi juna a Facebook.

Ina roƙon shugabannin jam'iyyu su bar wannan "sulhu" na cikin ɗaki, su dawo da zaɓen fidda gwani na ƙato-bayan-ƙato, kowane mai katin jam'iyya ya tsaya bayan wanda yake so. Ni da abokina da mun tsaya a layi daban-daban, an ƙirga mu, mun koma gida tare.

Naka,
Wani tsohon wakilin akwati